Naman Watandar Ƙaramar Salla

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga Ƙofar Kuyambana nake rubuto maka. Da ƙaramar salla muka haɗa watanda, muka danƙa wa aminina sayen saniya da rabon nama. Muka amince ladan wahalarsa kashi goma cikin ɗari ne. Aka kasa naman gida talatin. Ɗaya cikin kowane goma, nasa uku ke nan. Sai ya kwashe shida. Da na yi magana, a gaban 'ya'yana ya ce ban iya lissafi ba! Malam, ni na koya masa wannan lissafin a zauren gidanmu, shekarar da ya faɗi jarrabawa. Jama'a, ku ba ni shawara: sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, da wane ido zan dube shi?