Hannun da Ya Ƙi Buga Tulu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, mai buga tulu a zumuntar mata. Wanda bai san fuskata ba ya san kiɗana, don an ce har unguwar Sarkin Dawaki ana jiyo shi!

Da na haifi ɗana na huɗu, ni da maigidana muka ce a huta haka nan. Sai na nufi Sunkani wurin yayata. Kun san halinmu mata, maganin da ya karɓi ɗaya sai ta miƙa wa 'yar'uwarta kamar gishirin miya. Ta ba ni ƙwayar tazarar haihuwa irin wadda take sha, ta ce, "Ni ta karɓe ni, ke ma za ta karɓe ki. Ai jininmu ɗaya."

Ashe ba ɗaya ba ne!

Ciwon kai ya sa ni gaba, gefe guda, har idona na ganin walƙiya. Na ce hayaƙin tuyar ƙosai ne. Na ƙara ɗaure ɗankwali tamau, na ci gaba da harkata.

Wata Alhamis muna koyon waƙa, sai hannuna na dama ya mutu a kan tulu. Na ce masa buga, ya ƙi. Wayyo, tsoro ya kama ni! Yarana kawai nake tunani, wa zai riƙe su?

Mama Saratu, shugabarmu, ta kama hannun ta ce, "Ya Uba, kai wannan hannu yake yi wa kiɗa. Kada ka bar shi ya yi shiru." Muka ce amin, zuciyata ta kwanta. Sai Mama ta ce, "To, addu'a ta yi gaba. Mu bi ta a keke napep."

A asibiti nas ta auna ni, ta ce jinina ya hau sosai. Ta ce irin wannan ƙwaya ba ta dace da mai hawan jini da irin ciwon kaina ba, tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Aka tsayar da ita, aka yi mini magani, muka zaɓi wata hanyar da ta dace da jikina. Yanzu kaina wasai, ina barcina lafiya.

Mata, ku dogara ga Ubangiji, ku kuma je a auna ku kafin ku sha. Yayata ma sai da na ja ta asibiti.

Tulun da kuka ji da safen nan kuna rawa, wannan hannun ne ya buga shi. Na gode wa Yesu. Halleluya!