Tayar Babur Ɗina Ba Ta Sacewa Sai Ranar Alhamis

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Allah shi ƙara maka lafiya, kai da masu saurare. Ni ne Malam Umaru, tsohon malamin firamare, daga Sisawa.

Tun da mai ɗakina ta rasu, fitata guda ce a mako. Duk Alhamis nakan hau babur zuwa Goronyo in duba Malam Garba, abokin karatuna, wanda ke kwance ba lafiya. Cikin ajinmu mu biyu muka rage.

To, Alhamis uku ke nan ina tarar da tayar baya ta sace. Nakan tura babur da ƙyar har wurin Sani mai faci. Ya ciro tub, ya hura, ya tsoma cikin ruwa, ba kumfa ko ɗaya. Ya shafa cikin tayar, ba ƙaya, ba ƙusa. Kafin ya gama rana ta yi, sai in fasa tafiyar. A karo na uku ya ce, "Baba, tayarka ta fi ka lafiya. Ina murfin bawul ɗin da na sa maka?"

Ban gane nufinsa ba sai jiya. Ina neman allura cikin gwangwanin ɗiyata Hajara, sai ga murafe uku. Ita ce kullum ke cewa, "Baba, hannunka na rawa, hanyar nan kuma ba ta da tabbas."

Jama'a, mi zan yi? In yi mata faɗa, ko in gode mata? Na rasa gane kaina.

Malam Garba, in kana saurare, ban manta da kai ba. Ka jira ni.