Abin Wasa Mara Ƙara

A tasha, mai kayan wasan yara yana kallon fim a waya, sai wata mata ta tsaya da 'yarta.

"Malam, akwai abin wasan da ba ya ƙara?"

"Ga balan-balan, baiwar Allah."

"In ya fashe, babanta zai wuni a bayan kujera. Soja ne, bara ya dawo daga yaƙi."

"Ai fim ɗin nan kenan! Matarsa ta rungume shi, ya yi kuka, ya warke."

"Madalla. Ashe runguma ce ban iya ba. Tura wa likitansa fim ɗin, ya huta."

Yarinyar ta ƙi sakin zaren wani jan balan-balan.

Uwar ta sauke murya. "Ba ni irinsa, wanda ba a hura ba."