Ramuka Biyu, Baƙi Bakwai

A bencin shagon mai gyara, wani mutum ya rungume tsohuwar kwamfuta kamar mai jinya. Dattijon da ke gefensa, da rediyo a cinya, ya leƙo.

"Sannu, malam. Me ya same ta?"

"Hayaƙi ta yi, Baba. Ga katin bikin mutane a cikinta, yau da yamma za su zo karɓa."

"Haka kawai ta yi hayaƙi?"

"Haka kawai. Ramuka biyu gare ta a baya, sai na sayo abin nan mai baki huɗu na jona. Da ya cika, na jona wani a bakinsa."

"Ikon Allah. Me da me take ɗauka?"

"Kibod, maus, firinta, sikana. Sai 'yar fanka. Sai fitila. Sai cajar waya."

"Ɗana, ko jaki aka yi wa wannan lodin ai zai yi hayaƙi. Ka cire fanka mana."

"Da wannan zafin?"

"To, cajar."

"Ta surukata ce. Ta ce cajin kwamfuta ya fi daɗewa a waya."

"Kai da ka yi boko, ka yarda?"

"Ban yarda ba, Baba. Amma shagon nata ne."

Dattijon ya gyara zaman rediyonsa.

"To, in an gyara, rami biyu kawai za ka yi amfani da su. Firinta da me?"

Mutumin ya daɗe yana shafa kwamfutar.

"Masu bikin dai suna da haƙuri," in ji shi.