Ƙidaya Kafin Gada

A tashar Wudil, zamanin da kuɗin fetur ya sa kowa neman aikin ofis, Halliru na cikin motar Kano, zai je jarrabawar ɗaukar akawu. Lissafi yake tsoro, sai ya kama gwaji da kawunan fasinja.

"Sha huɗu, a raba biyu..."

"Ɗan nan, ba a ƙirga mutane," in ji tsohuwar da ke gefensa.

"Iya, in na faɗi jarrabawar nan, sai gona."

"Bara ma wani mai littafi ya ƙirga mu kafin gada. Mu sha huɗu."

"Nawa suka haye?"

"Kai ne mai lissafi. Ɗebe sha uku."

Direba ya tayar da mota. Halliru ya dubi ƙofa, ya tuna gona, ya gyara zama.