Ƙwai da Sukarin Nives

FIORENZA: Alo, Mama? Kina ji na?

MAMA: Wa ke nan? Fiorenza? Ɗaga murya, wayar nan sai shuuu take yi.

FIORENZA: Ni ce. Ina kwana?

MAMA: Lafiya lau. Kun tashi lafiya? Ya mijin naki, ya bayan nasa?

FIORENZA: Da sauƙi. Ya ƙafarki?

MAMA: Tana nan, ni da ita sai kabari. Ya zafin Vicenza?

FIORENZA: Mun gode Allah. Nives ta tashi?

MAMA: Tun ɗazu. 'Yar nan taki tana can tana wa kajina wa'azi kamar Fada a coci. Kwana nawa da ba su hutu, amma zo ki ga kumatu! Ku a birni yunwa kuke...

FIORENZA: Mama, ƙarar me nake ji, ƙwal-ƙwal?

MAMA: Cokali ne a kofi. Gwaiduwar ƙwai nake kaɗa mata da sukari, irin na kullum. Yanzun nan baƙar kazar ta saka shi, da ɗuminsa.

FIORENZA: Ajiye shi.

MAMA: Wa za a jiƙa?

FIORENZA: Ajiye kofin na ce, Mama! Don Allah.

MAMA: To, ga shi na ajiye a kan tebur. Wannan tsawa fa? Wani ya mutu?

FIORENZA: Daga asibiti nake. Gwajin jinin da aka yi wa yaran yankinmu ya fito.

MAMA: Na dafin masana'antar nan ta sama da kwari? Ai an gama da wannan. Ba sun sa wa ruwan famfo matata ba?

FIORENZA: Dafin da ke jinin Nives ya fi na duk 'yan ajinsu. Likita sai da ta cire tabarau ta sake dubawa. Ta ce me yarinyar nan take ci wanda sauran ba sa ci?

MAMA: Sai kika ce me?

FIORENZA: Na ce ƙwan gidan kakarta. Kullum, tun daga yaye. In muna birni ma ke kike aiko mana.

MAMA: A'a. A'a, Fiorenza, kada ki fara. Tun ranar da hukuma ta ce a daina shan ruwan rijiya ban ƙara sa shi a baki ba. Ko tuwon masara da ruwan kwalba nake tuƙawa.

FIORENZA: Kajin fa, me suke sha?

MAMA: Kaji ai kaji ne! In saya musu ruwan kwalba? Kuma sai na tafasa nake ba su, saboda tsoro.

FIORENZA: Tafasawa ba ta kashe shi. Ba ƙwayar cuta ba ce. An ƙera shi ne don kada wuta ta ci shi, kada ruwa ya narkar da shi. Rana ba ta iya masa, ƙasa ba ta ruɓar da shi. Kaza ta sha, ta tsinci tsutsa a lambu, ya taru a gwaiduwa.

MAMA: A gwaiduwa.

FIORENZA: Eh.

MAMA: Ita nake zaɓar mata. Farin nake ba kyanwa.

FIORENZA: Na sani, Mama.

MAMA: Da shi uwata ta raine ni. Da shi na raine ki. Na hana ku ƙwan kanti, na ce ba a san abin da kajinsu ke ci ba. Ni na san abin da nawa ke ci! Babanki da hannunsa ya haƙa rijiyar nan... Alo? Alo?

FIORENZA: Ina nan. Layin ne.

MAMA: To su ba ta magani mana. Allura, ƙarin ruwa, ko me ne ne. Zan sayar da gonar inabin.

FIORENZA: Babu abin da za su ba ta. Sai dai su riƙa duba hantarta da maƙogwaronta da kitsen jininta. Wataƙila ba abin da zai same ta. Wataƙila ya same ta. Likitar ma ba ta sani ba.

MAMA: Yaushe zai fita daga jikinta?

FIORENZA: A hankali yake raguwa, shekara da shekaru. Za ta yi aure da sauransa. In ta haihu, ta ba ɗanta a nono, kamar yadda ni ma na ba ta nawa.

MAMA: Wayyo Allah. Ke ma?

FIORENZA: Ni ma. Ba ke kaɗai ba ce, kin ji? Ba faɗa na kira in yi miki ba.

MAMA: Yau zan yanka su duka. In binne su bayan gida.

FIORENZA: In kin binne, cikin ƙasa dafin zai koma. Ruwan sama ya mayar da shi rijiya.

MAMA: To in kai su ina? In kai rijiyar ina? Ki gaya mini!

FIORENZA: Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ina zaune a mota, na kasa tayar da ita.

MAMA: Matar Tarcisio maƙwabcina, ni na riƙa ba ta ƙwai duk tsawon lokacin da take da ciki. Har godiya ta zo yi mini da furanni. Da wane ido zan... Ke! Nives! Yaushe kika shigo?

FIORENZA: Me ya faru? Mama?

MAMA: Kin ce in ajiye, na ajiye a kan tebur. Na juya baya ina magana da ke.

FIORENZA: Karɓe! Karɓe daga hannunta!

MAMA: Me zan karɓa? Ta shanye. Tana lasar cokali.

FIORENZA: Mama...

MAMA: Wai na yau ya fi daɗi. Tana tambaya me ya sa nake kuka, tana so ta san ko gobe ita za ta ɗauko ƙwan da kanta. Fiorenza, me zan ce mata?

FIORENZA: Ba ni ita.

MAMA: Ba zan iya ba. Bari in wanke mata baki.

FIORENZA: Da wane ruwa? Mama? Alo? Mama!