Ƙibar da ta zaunar da Habibu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce maman Habibu daga Gagarawa Tasha.

Ɗana Habibu da ciwon rashin tsayawar jini aka haife shi. Ko haƙori ya faɗi, sai mun kwana a asibiti a Gumel. Da annobar korona ta zo, aka rufe makarantu, motoci suka daina tafiya, sai tsoro ya kama mu. Idan ya ji rauni, wa zai kai mu asibiti? Babansa ya hana shi ko leƙa ƙofar gida. Kullum yana zaune a tabarma, ni kuma ina lallashinsa da ƙosai da fanke da fura. Ya yi ɓulɓul, maƙwabta suna ta cewa yaro ya murje, har daɗi nake ji.

Bayan an buɗe gari, gwiwoyinsa suka fara kumbura suna zafi. Likita ya ce jini ne ke taruwa a ciki, nauyinsa ya fi ƙarfin gaɓoɓinsa. Yanzu a babur ake kai shi makaranta, ranar da gwiwar ta tashi kuma ba ya zuwa.

Na fara rage masa abinci. Shekaranjiya ya dubi kwanonsa, ya dubi na ƙannensa, ya ce, "Inna, wane laifi na yi?"

Ina gaida duk iyayen da ke jinyar irin wannan yaro. Don Allah ku ba ni shawara, yaya zan rage masa ƙiba, ga shi ba halin gudu, kuma ba tare da ya ɗauka horo nake yi masa ba?